Zan iya mayar da akwatin rarraba wutar gidana wani ɗaki daban?

Tambaya: Ina zaune a Ingila, kuma muna shirin rushe bangon da ke tsakanin kicin da falo. To, akwatin rarraba wutar gidan, mai ɗauke da birekoki, a jikin bangon nan yake. Ina so a mayar da shi ɗakin ajiya, wajen nisan mita 8 daga inda mitar kamfani take. Ina ɗan taɓa aikin hannu, na sha canza soket da makunni. Zan iya ƙara wa wayoyin tsawo in mayar da shi da kaina? Kuma me doka ta ce?

Amsa: Malam, akwatin yana matsuwa, ana yin haka kullum. Amma ba zan ce ka yi shi kai kaɗai ba, kuma ba don hannunka bai iya ɗaure sukuru ba ne. Cire akwati daga wannan bango a kafa shi a wancan shi ne mafi sauƙi a aikin gaba ɗaya. Nauyin yana wurin da ido ba ya gani. Wayar da ke ɗauko wuta daga mitar kamfani zuwa akwatin, wadda yanzu ba ta fi taku ɗaya ba, za ta koma doguwa, kuma ita ce mafi ƙarancin kariya a duk gidan. Sannan kowane layi da ke fita daga akwatin tsawonsa zai canza, kuma layin da tsawonsa ya canza sai an sake lissafinsa an sake auna shi. Alƙaluman da zan kawo daga ƙa'idar wayarin ta Birtaniya suke, wato BS 7671, tunda ita ce take aiki a kanka.

Mu bi wutar daga inda ta shigo. Kebul ɗin kamfani yana shiga wani ƙaramin akwati mai babban fis, galibi na amfiya 60, 80 ko 100, an rufe shi da hatimi. Daga nan sai mita, daga mita sai manyan wayoyi biyu, layif mai kawo wutar da nutural mai mayar da ita, su shiga babban makunnin akwatinka. Fis ɗin nan na kamfanin da ke kula da layukan yankinku ne, mita kuma tana hannun kamfanin da kake biya kuɗin wuta. Duk biyun ba naka ba ne, ba ka da izinin yanke hatimin, kuma ba a ba kowane mai aikin wuta wannan izinin ba. Ga abin da ke halaka mutane: idan ka sauke babban makunnin akwatinka, gidan ya mutu, amma wayoyin nan biyu da ke shiga makunnin ta sama suna nan da ransu. Babu RCD a bayansu, wato na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa ƙasa, babu komai sai fis na amfiya 100. Sukundireba ta zame ta haɗa su, wutar da za ta gudana tana iya kai dubban amfiya kafin fis ɗin ya narke, kuma tartsatsin kaɗai ya isa ya ƙone fuska da hannu. Saboda haka matakin farko ba na bango ba ne, na wayar tarho ne: ka nemi kamfanin da ke sayar maka da wuta ya sa maka makunnin keɓewa mai yanke layif da nutural tare, tsakanin mita da akwatinka. Da shi ne za a iya kashe komai na ɓangarenka ba tare da an taɓa kayan kamfani ba.

Idan har fis ɗin kamfani da mitar su ma a jikin bangon da za a rushe suke, magana ta canza, don su kaɗai ke da ikon matsar da kayansu, kuma neman wannan aiki daban yake. Daga yadda ka faɗa, na ɗauka suna nan inda suke.

Yanzu batun mita 8. Kamfanonin rarraba wuta a Birtaniya galibi sun yarda fis ɗinsu ya kare wayoyin da ke tsakanin mita da akwati ne kawai idan tsawonsu bai wuce mita 3 ba. Da zarar an wuce haka, kai za ka kawo taka kariyar: makunni mai fis a cikinsa, a kafa shi kusa da mitar, daga nan a ja sabon layi zuwa ɗakin ajiyar. Wannan layin a lissafi sabon layi ne cikakke, da nasa fis, da nasa kauri, da nasa gwaji. Inda fis ɗin kamfani na amfiya 100 ne, wayar da aka saba amfani da ita mai kaurin 25mm² ce. Ana iya sauka zuwa 16mm² idan an sa fis mafi ƙanƙanta a sabon makunnin, kamar na amfiya 63, amma ni ba na son wannan tsumulmular. Gidan da yau ya wadatu da 63, gobe a sa masa cajar mota ko shawa mai dumama ruwa nan take, sai a dawo ana fasa silin.

Hanyar da layin zai bi ita ce ke ruɗa mutane da yawa, har da wasu masu sana'ar. Ƙa'ida ta ce wayar da aka binne a bango, zurfinta bai kai milimita 50 ba, sai dai ko ta samu kariyar RCD mai miliamfiya 30, ko ta kasance cikin rufin ƙarfe da aka haɗa da ƙasa, ko wata kariyar da ƙusa ba za ta huda ba. To ba ka so ka ɗora RCD mai miliamfiya 30 guda ɗaya a kan gidan gaba ɗaya, domin ranar da butar shayi ta lalace, fitilu da firji da komai za su ɗauke lokaci guda. Mafita ita ce kebul mai sulke, wanda aka naɗe da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin fatarsa. Idan wani ya buga ƙusa ko ya sa injin huda bango, sai ya fara ratsa sulken da ke haɗe da ƙasa kafin ya kai ga layif, fis ya narke kafin wutar ta bi jikinsa. Sharaɗin shi ne a ɗaure sulken da makamar tagulla da aka yi dominsa a kowane ƙarshe, a tabbatar ya haɗu da ƙasa sosai. Kebul mai sulke da aka yanke sulkensa aka naɗe da salatif ya zama kebul mai tsada kawai, kariyar ta tafi.

Daga nan sai wayar ƙasa, kuma a nan ne dole a san irin tsarin da gidanka yake kai kafin a sayi ko da sukuru. Iri uku ne ake samu a gidaje. Akwai inda kamfani ke ba ka ƙasa ta jikin nutural ɗinsa, ana ce masa TN-C-S ko PME. Akwai inda yake ba ka ta rufin ƙarfen kebul ɗinsa, wato TN-S. Akwai kuma TT, inda kamfani bai ba ka komai ba, sandar ƙarfe aka kafa a ƙasa a gidanka. A na farko da na biyu, hanyar da wutar matsala za ta bi ta koma tana da sauƙin bi, galibi turjiyarta ba ta wuce om 0.35 ba a na farko, om 0.8 a na biyu, don haka fis yana narkewa da sauri. A TT ba haka ba ne. Ɗauki sandar da aka auna aka samu om 100. Raba bolt 230 da 100, ka samu amfiya 2.3 kacal. Fis na amfiya 80 ba zai ma san an yi wani abu ba, sulken kebul ɗin da jikin akwatin ƙarfen za su zauna ɗauke da wuta har sai wani ya taɓa. Shi ya sa a gidan TT ake sa RCD mai miliamfiya 100 mai ɗan jinkiri a farkon layin, kusa da mita. Jinkirin don ƙananan RCD na cikin akwati su riga shi faɗuwa idan matsalar a layi ɗaya take.

Akwai kuma wayoyin nan masu launin kore da rawaya da ke zuwa bututun gas da bututun ruwa na ƙarfe. Aikinsu su hana bambancin ƙarfin wuta tsakanin famfo da jikin kuka, wato murhun girki, lokacin da aka samu matsala. A yawancin gidaje kaurinsu 10mm² ne, babbar wayar ƙasa kuma 16mm². Idan a cikin tsohon akwatin suke ƙarewa, sai a yanke shawara: ko a kafa musu mahaɗa kusa da mita, ko a ja sababbi zuwa sabon wurin. Su ne aka fi mantawa, saboda cire su ba ya hana ko ƙwan fitila ɗaya kamawa.

Sai layukan gidan. Idan an ɗaga katakon bene aka duba, za ka ga sun kasu. Wasu dama ta kusa da ɗakin ajiyar suke wucewa, waɗannan sai dai a rage musu tsawo, kuma babu abin da ya fi wannan daɗi. Wasu kuma ba za su kai ba. A ayyuka da yawa akan bar wani akwati mai murfi a tsohon wurin, a jera mahaɗai a ciki, kowane layi a ƙara masa waya daga nan zuwa sabon akwati. Hanya ce mai kyau, tana kan ƙa'ida, don ana iya buɗewa a duba. Amma kai bangonka zai tafi, ba inda za a bar akwatin. Wayoyin za su koma cikin silin ko ƙarƙashin bene, kuma ƙa'ida a nan ba ta da wasa: duk haɗin da aka yi da sukuru dole ne a iya kai masa hannu a duba shi. Wanda za a rufe a manta da shi sai ya zama irin wanda ba ya buƙatar kulawa, kamar wanda aka matse da filayar matsewa ta gaske, ko akwatin haɗi mai alamar MF da mahaɗan da aka yi dominsa. Sukuru yana saki da shekaru, saboda tagulla tana ɗumi tana hucewa, benen kuma ana taka shi yana motsi.

Igiyar guga a wajen ƙulli take tsinkewa, waya ma haka. Haɗin da ya ɗan saki har ya samu turjiya ta om 0.1, idan amfiya 30 na bi ta cikinsa, yana fitar da zafin wat 90 a wuri guda da bai fi ƙwayar wake ba. Bireka ba za ta faɗi ba, don a wurinta amfiya 30 ne ke tafiya kamar kullum. RCD ma ba za ta faɗi ba, tunda babu wutar da ke zurarewa ƙasa. Haka zai ci gaba da gasa katakon da ke kusa da shi. Wannan ne ya sa a ra'ayina layukan da ke jan wuta da yawa, kuka da shawa da makamantansu, kada a yi musu haɗi ko na ƙa'ida ne. A ja sabuwar waya daga akwati har inda take zuwa. Tunda maginan za su buɗe silin ɗin kicin, ba za ka sake samun dama irin wannan da arha ba.

Soket ɗin gidajen Birtaniya da yawa a kan layin zobe suke. Waya mai 2.5mm² ta fita daga bireka mai amfiya 32, ta zaga soket ɗin duka, ta dawo bireka ɗin. Wayar ita kaɗai ba ta iya ɗaukar amfiya 32, abin da take ɗauka a mafi kyawun yanayi wajen 27 ne. Ana yarda da tsarin ne kawai don nauyin yana rabuwa ta ƙafa biyu. Don haka kowace ƙafa sai an kai ta sabon akwati da wayarta. Na sha ganin inda aka haɗe ƙafafun biyu a tsohon wuri, aka ja waya ɗaya mai 2.5mm² zuwa sabon akwati. Komai yana aiki, mai gida yana murna, waya guda tana ɗauke da kayan biyu a cikin silin.

Ƙarin tsawo yana cin abu biyu. Na farko ƙarfin wuta. Ƙa'ida ta ba da shawarar kada raguwar ta wuce kashi 3 cikin 100 a fitilu, kashi 5 a sauran layuka, wato bolt 6.9 da bolt 11.5 a kan 230. Waya mai 2.5mm² tana zubar da kusan milibolt 18 a kowane amfiya a kowace mita. Layi mai tsawon mita 30 ɗauke da amfiya 20 ya zubar da bolt 10.8, yana ciki da ƙyar. Ƙara masa mita 8, ya koma wajen 13.7, ya fita. Kuma ba a ma haɗa da abin da babban layin da ke zuwa daga mita ya ci ba, don daga can ake fara ƙirgawa.

Na biyu shi ya fi muhimmanci, saurin faɗuwar bireka. Idan layif ya taɓa jikin ƙarfen wata na'ura, ana so wuta ta yanke cikin daƙiƙa 0.4 a layukan soket na gidan TN-C-S ko TN-S, 0.2 a gidan TT. Bireka nau'in B tana faɗuwa nan take ne idan wutar da ta bi ta cikinta ta kai ninki 3 zuwa 5 na lambarta, kuma a lissafi ana ɗaukar ninki 5. Mai amfiya 32 ke nan tana buƙatar amfiya 160. Kafin wannan adadi ya gudana, turjiyar hanyar gaba ɗaya, daga taransifoma zuwa soket mafi nisa da komawa ta wayar ƙasa, kada ta wuce om 1.37. Kowace mita da ka ƙara, da kowane haɗi, suna tura lambar sama. Layin da yake a bakin iyaka tun asali, mita 8 sun isa su ƙetarar da shi. Ba ka ganin wannan da ido, ba ka ganinsa da tasta mai ƙyalli. Na'urar gwaji ce kaɗai ke faɗa.

Wani abin da matsar da akwati ke haifarwa, wanda da babu shi, shi ne cunkoso. Layuka takwas ko goma da a da kowanne ya kama gabansa, yanzu duk za su bi hanya ɗaya zuwa ɗakin ajiya, a ɗaure kamar dami. Waya tana ɗaukar abin da take ɗauka ne gwargwadon yadda take iya fitar da zafinta. Layuka biyu a haɗe, kowanne ya koma kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, uku kashi 70, shida kashi 57, idan duk suna ɗauke da cikakken kaya. A gidan zama ba kasafai duk suke cika lokaci guda ba, mai lissafi ya san yadda zai sassauta, amma ba a cusa wayar shawa a tsakiyar damin. Ita a ba ta hanyarta. Haka nan audugar hana sanyi da ke cikin silin: wayar da ta nutse a ciki fiye da rabin mita, rabin ƙarfinta ya tafi. Inda za a huda katakon da ke ɗauke da bene, ramin ya yi nisan aƙalla milimita 50 daga sama da ƙasa, don ƙusa. A bango kuma wayoyi su bi inda ake sa ran samunsu: miƙe sama, ƙasa ko gefe daga soket ko makunni, ko cikin milimita 150 daga silin ko kusurwa. Ba a ratsa bango a karkace don a rage waya.

Ɗakin ajiya ba laifi, muddin ba zai zama wurin da sai an kwashe kwalaye da akwatunan tafiya kafin a kai ga makunni ba. Ka tuna da dare wuta ke ɗaukewa, kuma mai yiwuwa ba kai ne a gida ba. A sababbin gidaje a Ingila ana kafa shi yadda makunnan za su kasance tsakanin milimita 1350 da 1450 daga ƙasa. Gidanka ba sabo ba ne, amma tsayin ya yi daidai, babba ya kai ba sai da tsani ba, ƙaramin yaro bai kai ba. Kada ya zauna ƙarƙashin bututun ruwa ko bangon da ke tsatsafo, kuma a bar aƙalla milimita 150 tsakaninsa da bututun gas.

Ba ka faɗi irin akwatin da kake da shi ba. Idan na roba ne, kada ka sa rai za a mayar da shi. Tun watan Janairun 2016 ake buƙatar akwatin da za a kafa a gidan zama ya kasance na abin da ba ya cin wuta, a aikace dai ƙarfe, ko a rufe shi cikin irin wannan. An yi canjin ne bayan hukumar kashe gobara ta Landan ta yi ta nuna yawan gobarar da ke tashi daga cikin akwatunan roba, yawanci daga haɗin da ya saki, kuma sau da yawa a ƙarƙashin matakala, hanyar da mutanen sama za su bi su tsira. Tunda za a sayi sabo, ni na fi son wanda kowane layi yake da RCBO nasa, wato bireka da RCD a jiki ɗaya. Tsohon salon da ake raba gida biyu a ƙarƙashin RCD biyu ya fi arha, sai dai kowace na'ura ta zamani tana ɗan zurarar da wuta kaɗan ko lafiyarta lau, RCD mai miliamfiya 30 kuma tana iya faɗuwa tun daga 15. Tara layuka biyar a kanta, ka samu faɗuwar da ba a san dalilinta ba. A ɓangaren RCD a zaɓi nau'in A, don tsohon nau'in AC yana iya makancewa da irin wutar da cajoji, injin wanki na zamani da inbata ke zurarwa. A sa na'urar kare kaya daga hauhawar wuta, a bar gurabe biyu ko uku babu komai don gaba. Kuma birekokin su zama na kamfanin da ya yi akwatin. Na wani kamfani yana iya shiga gurbin, amma haƙorin sandar tagullar ba lalle ya zauna daidai a bakinsa ba.

Wannan haƙorin ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙasan kowace bireka akwai ɗan keji da sukuru ke ɗagawa ya matse haƙorin sandar da ke raba wuta. Idan kejin bai buɗe sosai ba lokacin da aka zura sandar, haƙorin yakan shige ta bayansa maimakon cikinsa. Ka ɗaure sukuru har ya tsaya, ka ji ya yi ƙarfi, alhali iska ya matse. Haƙorin yana dai jingine da ƙarfen, wuta na wucewa, fitila na kamawa. Bayan watanni sai a fara jin wani wari kamar na kifi a kusa da akwatin, a buɗe a tarar robar bireka ta yi launin ƙasa ta fara narkewa. Shi ya sa mai aikin kirki yake leƙa ƙasan da tocila ko madubi, yake ɗaurewa da sukundireba mai awon ƙarfi bisa lambar da kamfani ya rubuta, yake kuma sake bin manyan wayoyin nan na 25mm² bayan ya gama lanƙwasa su, don silin tagullarsu yana sake zama ya saki. A akwatin ƙarfe kuma layif da nutural ta rami ɗaya suke shiga, in an raba musu rami ƙarfen da ke tsakani yana ɗumi.

Kafin a cire waya ko ɗaya daga tsohon akwatin, a gwada gidan yadda yake. Tsofaffin gidaje suna ɓoye abubuwa. Wanda aka fi cin karo da shi fitilar matakala ce, an ɗauko mata layif daga layin ƙasa, nutural daga layin sama. Shekara da shekaru tana aiki a ƙarƙashin fis ko bireka zalla, amma ranar da aka sa RCBO, ana kunna ta biyu za su faɗi. Kuma ko an kashe layi ɗaya, nutural ɗin yana iya ɗaukar wuta daga ɗayan ya ja mai aiki. Gara a gano wannan tun silin yana buɗe. A yi wa kowace waya alama kafin a zare ta. Idan wayarin ɗin ya girmi shekarar 2004, za ka ga ja da baƙi a maimakon ruwan ƙasa da shuɗi, wurin haɗa tsohuwa da sabuwa sai an natsu. In kuma kana da sola ko batir, sauke makunnin kamfani bai kashe gidan ba, su ma sai an keɓe su. Ana tabbatar da mutuwar waya ne da na'ura mai baki biyu: a gwada ta a inda aka san da wuta, a gwada wayar, a sake gwada na'urar, sannan a sa kwaɗo a makunnin.

Bayan an gama, gwajin da ke biyo baya shi ne rabin aikin. Tun wuta na kashe ake auna cewa wayar ƙasa ta kai kowane soket da fitila, zoben bai yanke ba a layif, nutural da ƙasa, rufin wayoyin bai huje ba, wanda ake aunawa da bolt 500 kuma kada ya gaza megaom 1, sannan ba a juya layif da nutural ba. In an kunna, sai a auna turjiyar da na ambata a kowane layi, da girman wutar da za ta iya gudana in an samu haɗuwa, da lokacin faɗuwar kowace RCD, wanda bai kamata ya wuce milidaƙiƙa 300 ba a RCD marar jinkiri. Duk a rubuce, layi bayan layi.

A ɓangaren doka, tun Janairun 2005 aikin wutar gida a Ingila da Wales yake ƙarƙashin sashen P na dokokin gini. Dokar ba ta ce mai gida ba zai taɓa wayarinsa ba. Canza soket da ka saba yi ba ya buƙatar sanar da kowa. Amma sauya akwatin rarraba wuta da jan sabon layi suna cikin ayyukan da dole hukuma ta sani, naka kuma ya haɗa duka biyun. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ba mai aikin wuta da ke da rajista a tsarin da gwamnati ta amince da shi, shi zai yi, ya gwada, ya sanar. Ɗaya hanyar ita ce ka sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukumarku kafin ka fara, ba bayan ka gama ba, su turo a duba, ka biya kuɗin dubawar. A ƙarshe takarda biyu za ka riƙe, shaidar aikin wutar mai ɗauke da sakamakon gwaji, da shaidar bin dokar gini. Lauyan mai sayen gida zai tambaye su duk ranar da ka tashi sayarwa. Scotland nata tsarin daban ne.

Idan kana son hannunka ya shiga, ka yi magana da mai aikin tun kafin a fara. Wasu sukan yarda mai gida ya ɗaga katakon bene, ya sassaƙe hanyar waya a bango, ya taya jan kebul a hanyar da suka zana, muddin sun ga komai kafin a rufe. Wanda ba zai samu karɓuwa ba shi ne ka gama, ka shafe da filasta, sannan ka nemi wanda zai sa hannu. Kuma ka tsara da maginanka yadda aikin wuta zai riga guduma. A fara neman makunnin keɓewa daga kamfani, don ba ranar da ka kira suke zuwa ba, a kafa sabon akwati, a mayar da layukan, a tabbatar babu waya mai rai ko ɗaya da ta rage a bangon, sannan a rushe shi. Su ma maginan za su buƙaci wuta don injinansu, a bar musu soket ɗaya ko biyu kusa da sabon akwatin a kan RCBO nasu.